Hannuna ba ya zama sai da wuƙar aljihu, ga Hajiya da uwargida sun sa ni a gaba

Salamu alaikum Kawu, fatan an wuni lafiya. Ni mai gyaran waya ne a Samaru, shekarata 29, ina da mata ɗaya da yaro ɗaya da ya fara rarrafe. Kusan shekara guda kenan da na daina shan taba, Alhamdulillah, amma tun daga lokacin hannuna ya ƙi zama, duk biron da ke shago na kashe shi da danne-danne, har farce na koma ci. Kwanaki na sayi wata 'yar wuƙa mai naɗewa a wajen wani mai kayan koli, naira 3,500, don yanka kwali da fere rake, sai na tsinci kaina ina buɗewa ina rufewa ba dalili, wannan ƙarar "ƙyas" ɗin wallahi kwantar min da hankali take yi. Ba a yi wata biyu ba ta yi sako-sako, ranar nan ta rufe a kan yatsana sai da aka yi min ɗinki biyu. Matata ta ɓoye ta, kuma ta kai ƙara wajen Hajiyata, Hajiya ta ce wannan ɗabi'ar 'yan daba ce ba ta gidanmu ba. Ni kuma ina ganin masu kyau a bidiyo a YouTube raina na biyawa. Kawu wacce iri ce ke da daɗin wasa a hannu kuma ba za ta yanke ni ba, sannan ya zan yi da mutanen gida? Naka, ɗan Samaru.

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin mu je kan wuƙa bari in fara yi maka barka da rabuwa da taba, don wannan shi ne babban labarin da ke cikin wasiƙarka ko da yake kai a layi ɗaya ka wuce shi. Mutumin da ya yi shekaru yana zaro kara, ya ƙyasta ashana, ya kakkaɓe toka, hannunsa ya saba da wani ɗan aiki da yake maimaitawa sau goma sau ashirin a rana, in ka cire tabar hannun bai san an daina ba, sai ya ci gaba da laluben abin yi. Kuma ba ma sai tsohon mashayi ba, je ka majalisar dattawa a Tudun Wada bayan la'asar ka ga yadda carbi ke yawo a yatsu ana tsakiyar hirar siyasa, ko direba da ke kaɗa makulli a yatsa yana jiran fasinja. Saboda haka ba ka da taɓin hankali, ba kuma dabanci ne ya shige ka ba.

Amma fa ɗana, ka ɗan tsaya inda matarka take ka duba. Ita ba ta jin wata "ƙyas" mai kwantar da hankali, abin da ta gani shi ne mijinta ya shigo da yatsa a naɗe jini ya ɓata riga, ga yaro da duk abin da ya tsinta a ƙasa baki yake kaiwa. Wacce uwa ce za ta ga haka ta bar wuƙar a kan madubi? Ɓoyewar da ta yi ni ban ga laifinta ba sam, ƙarar da ta kai ce kawai na so a ce da kai ta fara zama, to amma wa ya sani ko ta yi magana sau uku kana amsa ta da "to" kana ci gaba da ƙyasta abarka. Ita kuma Hajiya, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma ka san mu a Zariya ba rimin muka rasa ba. Ba tsoron kai take ba, tsoron idon mutane take a kanka. A zamanin nan na ƙwacen waya da sara-suka, a ce 'yan sintiri ko 'yan sanda sun tare ka a Kwangila ƙarfe goma na dare sun laluba aljihunka sun ciro baƙar wuƙa mai buɗewa da yatsa ɗaya, kuma a jakarka ga wayoyin kwastomomi guda huɗu, da wane bakin za ka fara bayanin cewa don kwanciyar hankali kake riƙe ta? Baturen da kake kallo a bidiyo a ɗakinsa yake zaune a Amurka, kai kuwa a Keke Napep kake komawa gida. Ga kuma addini, an hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa ne, har wanda zai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau an umarce shi ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa, ka ɗauke shi a kan cewa wasan a ɗaki ne ko a bayan kanta lokacin da ba kowa, ba a majalisa ba, ba a gaban kwastoma ba.

To yanzu ga abin da ka tambaya. Daɗin da kake ji ba daga girman wuƙar yake zuwa ba, ba kuma daga kaifinta ba, daga gaɓarta yake da makullinta. A cikin yawancin irin waɗannan wuƙaƙe akwai wani ɗan ƙwallon ƙarfe ƙarami kamar ƙwayar gero da yake faɗawa cikin rami a jikin bakin wuƙar in tana rufe, shi ke riƙe ta, kana turawa yana tirjewa, yana tirjewa, sai ya saki gaba ɗaya bakin ya tashi da ƙarfinsa ya je ya kulle. Wannan tirjiyar da sakin su ne daɗin. In ƙwallon ya yi laushi wuƙar za ta riƙa buɗewa rabi kamar mai jin barci, ta ma iya buɗe kanta a aljihu, in ya yi tauri da yawa kuma yatsa ya yi kanta kafin sati. Ba a gane wannan a hoto, sai a hannu.

Wadda ta yanke ka kuwa, daga yadda ka kwatanta, irin mai makullin falle ce, wato wani siririn fallen ƙarfe a cikin ƙotar da yake tsallakowa ya tokare gindin bakin in an buɗe. Wani maƙeri Ba'amurke mai suna Michael Walker ne ya gyara wannan tsari ya fito da shi a farkon shekarun 1980, kuma in an yi shi da kyau ba shi da laifi, amma yana da hali guda: kafin ka rufe dole ka sa babban yatsanka ka ture fallen gefe, wato yatsan yana daidai kan hanyar da kaifin zai bi. Mai yanka kwali sau biyar a rana ba ruwansa, amma kai mai rufewa sau ɗari uku kana kallon bidiyo, wata rana sai hankali ya tafi. Balle ta 3,500 wadda fallen nata taushi ne da shi kamar murfin gwangwani, yana cinyewa ya daina kama gindin, ka ɗan danna ta rufe da kanta. Araha ba ta ado, a nan kam har jini take sha.

Abin da za ka nema shi ne makullin da ake sakinsa yatsu na gefe. Akwai mai 'yar sanda da ta ratsa ƙotar ta fito ta ɓangare biyu, sai ka ja ta baya da babban yatsa da manuni, bakin ya saki ya faɗo da nauyinsa, kana iya buɗewa da rufewa da kaɗa hannu kawai ba tare da yatsa ya kusanci kaifi ba. Kamfanin Benchmade na Amurka ne ya shahara da shi da sunan Axis tun ƙarshen shekarun 1990, da wa'adin mallakar fasahar ya ƙare sai kamfanoni da yawa suka shiga yi, akwai ma na Chana masu sauƙin kuɗi irin su Ganzo da ke yin sa. Rauninsa wasu 'yan siraran sifirin guda biyu ne a ciki da kan karye in wasan ya yi yawa, amma ana sauya su. Akwai kuma mai maɓalli a gefen ƙota, ka danna bakin ya saki, shi ne ma ya fi sauƙin koyo, Civivi suna da shi a wani samfurin Elementum ɗinsu, sai dai shi ba na aikin ƙarfi ba ne, kar ka ce za ka ɓamɓare katako da shi. Na uku shi ne na Spyderco, waɗanda za ka gane da ƙaton rami zagayayye a jikin bakin wuƙar inda ake sa yatsa, suna da makulli a bayan ƙota da ake matsewa, kamar a Para Military 2 ɗinsu, mutane na yabonsa sosai amma kuɗinsa ya haura dala 100 nesa ba kusa ba, ka lissafa da canjin yau ka ga ko mai jariri a gida ya kamata ya dube shi. In ni ne kai, mai sanda ko mai maɓalli zan ɗauka, ƙarama, in manta da sauran.

Wadda ban yarda ka saya ba ita ce mai tashi da kanta, wadda kana taɓa maɓalli sifirin ya harbo bakin. Ita ce ta fi jawo ido da tambaya, kuma a gaskiya ba ta ma da daɗin wasa, don a yawancinsu wajen rufewa sai ka yi kokawa da sifirin ɗin. Haka 'yar uwarta mai rabin sifirin da ke ƙarasa buɗewa in ka fara turawa.

Sai maganar gaɓa, nan kuma Zariya ta shigo ciki. Wasu wuƙaƙen a kan boris suke juyawa, ƙananan ƙwallaye a zagaye kamar na cikin ƙafar keke, su ne masu santsin nan da kake gani a bidiyo bakin na faɗowa kamar ruwa. Wasu kuma washa ce kawai, wato ɗan siririn zobe na tagulla, a kowane gefe, ba su kai santsi ba da farko amma suna daɗa laushi da amfani. Masu boris sun fi daɗi, ban musa ba, amma bari Disamba ta shigo ƙurar hunturu ta fara sauka a Samaru, kwana kaɗan za ka ji gaɓar na ƙas-ƙas kamar an zuba yashi, ita kuwa mai washa ba ta cika damuwa ba. Kai dai ka yi sa'a tunda mai gyaran waya ne, ƙananan sukundireba masu bakin tauraro suna kan teburinka, T6 da T8 su ne yawanci ake buƙata, ga buroshi ga sifirit na goge allon waya. Ka goge, ka ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, ɗaya tak. Kar ka kuskura ka sa man gyaɗa ko man ja, daskarewa suke su yi danƙo su tara ƙura. Notin tsakiyar ma shi ke saita komai, ka ɗaure shi har sai bakin ya daina girgiza gefe da gefe, sannan ka sassauta kaɗan ƙwarai har ya riƙa tafiya.

Girma da kala, ka ji wannan da kyau don shi zai taimake ka wajen mutanen gida. Bakin kada ya wuce inci 3, wato wajen santimita 7 da rabi. A Ingila ma iyakar da doka ta sa wa wuƙar aljihun da mutum zai yawo da ita ba tare da dalili ba kenan, kuma da sharaɗin ba mai kullewa ba ce, ba dokarmu ba ce amma ma'auni ne mai kyau. Ka bar baƙa mai zanen ƙwarangwal da haƙoran zarto da masu kayan koli ke so su fi tura wa samari, ka ɗauki mai ƙota ruwan lemo ko koriya ko shuɗiya. Ƙarfe ɗaya ne, amma ɗaya ana ganinta a ce makami, ɗayar a ce kayan aiki.

Kuma ina ganin ka raba abu biyu da ka haɗa, ta aiki daban ta wasa daban. Ta shago, mai yanka kwali da fere rake, ba abin da ya kai 'yar jar nan ta Suwizalan, Victorinox, kamfanin da Karl Elsener ya kafa tun 1884. Ba ta da makulli, sifirin ne a bayanta, da farce ake buɗewa da hannu biyu, kuma tana da irin nata daɗin, ka buɗe almakashi ka rufe, ka buɗe sukundireba ka rufe, kowanne da "ƙas" ɗinsa mai tsafta, ba wanda zai gan ta a kan teburin mai gyaran waya ya ɗaga gira. Alamar mai kama da gicciye da ke jikinta ta tutar ƙasarsu ce, na faɗa ne tun kafin Hajiya ta tambaya. Akwai kuma Opinel ta Faransa mai ƙotar itace, tun 1890 ake yin ta, an ƙara mata zoben da ake murɗawa a wuya ya kulle a 1955, lamba 8 ita ce aka fi saye, murɗa zoben nan ma wani wasa ne mai natsuwa ga wanda ba ya son ƙara. Sai dai itacen na kumbura da laima, a watan Agusta za ka iske ta ƙi buɗewa, dabarar ita ce ka ƙwanƙwasa ƙarshen ƙotar a kan tebur bakin ya ɗan leƙo. In ka samu mai baƙin ƙarfe ka goge ta da zarar ka yanka mangwaro ko lemo, in ba haka ba da safe tsatsa ta kama. Na so in ce Okapi, mai zoben da ake ja da ƙarar tar-tar-tar, wadda aka fara yi a Jamus a 1902 daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, amma ita ta yi ƙaurin suna a hannun 'yan daba a can, kuma doguwa ce, bar ta.

Yanzu ga abin da nake ganin zai fi raba gardama a gidanka. Akwai wuƙar Filifin da ake kira balisong, mai ƙota biyu da ke juyawa kamar fukafukin malam-buɗe-littafi, duk duniya ba wadda ta kai ta wasa a hannu, kuma mai kaifinta ita ce ta fi kowacce yanka masu koyo, ƙasashe irin su Ingila da Jamus sun hana ta ma. Amma ana yin ta koyo, wadda bakinta dakusasshe ne ba kaifi ba tsini, an huda shi ramuka, wata ma da bakin mataji ake yin ta ko mabuɗin kwalba. Wannan za ka yi wata shida kana koyon salo kala-kala ba ka ƙure ta ba, iyakar abin da za ta yi maka ta buge ka a gaɓar yatsa ka ce wash. Tunda abin da hannunka ke nema motsi ne da ƙara ba yanka ba, me zai hana ka fara da ita? Ita ma a gida za ta zauna fa, don daga nesa ba mai bambance ta da ta gaske. A hanya kuma da cikin mutane, carbi mai 33 a aljihu ya wadatar, ga hannu ya samu abin yi ga lada.

Wajen saye ka yi hattara da jabu. Duk wanda ya nuna maka Benchmade ko Spyderco a kan kuɗin da bai kai na buhun siminti ba, suna ne kawai aka buga. Gara ka sayi ta Chana da ta fito da sunanta na gaskiya da ka sayi mai sunan aro, don mai satar suna ba ya damuwa da makulli. In a hannu za ka saya, buɗe ta ka kama bakin daga baya ka girgiza gefe da gefe, sama da ƙasa, in ka ji motsi ajiye. Rufe ta ka duba ko bakin na zaune a tsakiya ko yana gogar gefe ɗaya. Sannan ka buɗe, yatsunka a gefe, ka danna bayan bakin a kan katako da ɗan ƙarfi ka ga ko makullin zai zame. In ta intanet ce ka nemi bidiyon ainihin wadda za a aiko maka ba hoton kamfani ba. Ita Victorinox ta gaske akwai sunan kamfanin a buge a gindin babban bakin, wani lokaci akan ci karo da tsohuwa a kayan gwanjo, tsohuwarta ta fi sabuwar jabu sau goma.

Mu koma gida. Kar ka je kana neman a dawo maka da waccan wuƙar, ka ce wa matarka ta yi daidai, ka karɓa a gabanta ka naɗe bakin da salatef ka ba 'yan gwangwan, don ko ni ba zan bari ka sake riƙe ta ba. Ka zauna da ita bayan yaro ya yi barci ka faɗa mata gaskiyar da ka faɗa min, cewa gurbin taba ne hannun ke cikewa, na tabbata macen da ta sha warin taba a rigarka za ta fahimci wannan fiye da kowa. Ka nuna mata hoton abin da kake so ka saya tun kafin ka biya, ka bar ta ta zaɓi kalar ma, kuma kuɗin ya fito bayan an gama cefane da madarar yaro ba kafin nan ba. Ku yi sharaɗi da bakinku: mai kaifi tana cikin durowa mai makulli ko a shago, ba a taɓa ta in yaro na ɗakin, ba a kan gado, ba kuma da dare tana son barci kana ƙyas-ƙyas a kunnenta, don ƙarar da ke kwantar maka da hankali ita tayar mata da nata take yi. A nan ne kuma za ka roƙe ta, cikin laushi, cewa gaba in wani abu ya dame ta ta fara tarar ka kafin ya isa wajen Hajiya.

Hajiya kuwa da ƙafarka za ka je, ba ta waya ba, da ɗan goronta, ka durƙusa ka ba ta haƙuri kan hankalinta da ya tashi. Kar ka tsaya yi mata bayanin boris da makulli. Ka ce waccan ka yar da ita, ba za ta sake jin an gan ka da wuƙa a hanya ba, ta aiki tana shago. In ta san da maganar tabar ka gaya mata shekara guda kenan, ka ga yadda fuskarta za ta sauya. In kuma duk da haka ta ce ba ta yarda da mai kaifi a gida ba, to ita ke da wuƙa da nama, ka tsaya a kan ta koyon nan marar kaifi da carbi da 'yar jar a shago, ba ka rasa komai ba sai abin da dama shi ya kai ka ɗinki.

Yatsan fa, ya yake? In har yanzu wani gefe ba ka jin taɓi, ko ba ya lanƙwasuwa kamar da, kar ka tsaya a kemis, ka je asibitin Shika ko wani babban asibiti a duba jijiyar, kuma ka tuna ko an yi maka allurar tetanus ranar ɗinkin. Haka in rashin zaman hannun ya zo da rashin barci da faɗuwar gaba ko sha'awar tabar ta dawo da ƙarfi, wannan ba aikin wuƙa ba ne, ka faɗa wa likita. Ka gaishe min da maman yaro, in kun zaɓi kalar ka rubuto in ji wacce ta ci.